Inda Aka Binne Tantoy

Editha Calimlim tana durƙushe gaban wata amarya, bakinta cike da allurai, tana kama mata kalmasar riga, sai wayarta ta shiga kuka cikin aljihu. Ba ta ɗauka ba. A shagon ɗinkin nan na Khobar, a Saudiyya, inda ta shekara ashirin da ɗaya, ba a ɗaga waya a gaban mai kaya. Sai da aka kira sau huɗu Nenita, abokiyar aikinta, ta zura hannu ta ciro wayar ta shige da ita bayan labule. Can sai ta fito. Ta durƙusa ta zare alluran daga bakin Editha ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce mata ta tashi, ita za ta ƙarasa.

Tantoy ne ya rasu. Ƙanenta Crisanto, autan gidansu, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki a Dammam. Ya sauko daga rufin wani gida da hantsi, ya ce wa abokin aikinsa ƙirjinsa ya yi masa nauyi, ya zauna a inuwar mota, shi ke nan. Shekararsa arba'in da shida, ya bar mata ɗaya da 'ya'ya biyu mata can ƙasarsu, a yankin Pangasinan, ga kuma tsohuwarsu.

To, akwai abin da ya kamata a sani game da gidan nan. Editha ta musulunta shekara goma sha biyu da suka wuce. Ba don miji ba, ita ba ta taɓa aure ba, ba kuma don uwar ɗakinta ba, wadda ba ta damu da ko dutse take bauta wa ba muddin rigunan sallah sun fita a kan lokaci. Abin ya shiga ranta ne a hankali, har ranar da ta je ta faɗa da bakinta. Da ta koma gida hutu da mayafi a kanta, an gasa mata alade guda kamar yadda ake yi wa duk wanda ya dawo daga ƙasar waje, dangi sun cika tsakar gida, ita kuwa ta ɗebi shinkafa da ganye ta koma gefe. Inay, wato mahaifiyarsu, ba ta yi faɗa ba, da ma ba mai faɗa ba ce. Ta shiga falo ta sauke hoton Editha na ranar da ta fara karɓar jibin Ubangiji a coci, ta kife shi cikin durowa. Tun daga ranar ba ta sake kiran sunanta ba. In tana da saƙo sai ta ce, ku gaya wa waccan ta Saudiyya.

Tantoy ya fi kowa yi mata tsiya. Duk Juma'ar da suka haɗu a bakin teku, da ya hango ta cikin baƙar abaya zai fara: ga Hajiya nan, a ba Hajiya hanya, Hajiya ko za ki sa mini albarka in ci caca? Shekara tara yana wannan. Rannan kawai ya zo ya zauna shiru yana wasa da cokali cikin miyar tsamiya, ya ce mata shi ma fa ya yi, a wurin aiki yanzu Idris suke ce masa. Editha ta yi kuka har mai abincin ya leƙo.

Sai dai Tantoy ya ga abin da aka yi wa yayarsa, bai kuwa da zuciyar ɗaukar irinsa. Bai gaya wa kowa a gida ba. In ya je hutu ya raka Inay coci ya tsaya can baya kusa da ƙofa, in aka miƙo alade ya dafa ƙirji ya ce likita ya hana. Kullum cewa yake da Kirsimeti zai faɗa, lokacin ran tsohuwa yana fari. Kirsimeti uku suka wuce.

Ranar da ya rasu da la'asar, Marivic matarsa ta kira tana kuka har maganarta ba ta fita. Editha tana riƙe da waya a ɗakin kwanansu na saman shago, sai ta ji kukan ya yi nisa, an karɓi wayar, wani numfashi na daban ya zo kunnenta.

"Dita."

Ta zauna bakin gado. Ba wanda ke ce mata Dita sai mutum ɗaya a duniya.

"Na'am, Inay."

"Ki kawo mini ɗana. Ki taho tare da shi, kada ki sa shi a jirgi shi kaɗai kamar kaya. Na sa an share ɗakinki."

Editha ta ce to. Me za ta ce? Sai tsohuwar ta tambayi wa ke zaune da shi yanzu. A wajenmu ba a barin mamaci shi kaɗai, ko na ƙiftawar ido, daga fitar rai har rufe kabari sai da wani a gefensa, ko da gyangyaɗi yake. Editha ta ce akwai abokansa, suna karɓa-karɓa. Ƙarya ta yi, yana cikin durowar ƙarfe a ɗakin ajiye gawa na asibiti, ba a ma barin kowa ya tsaya a barandar.

Kwana uku bayan haka takardar wakilci ta iso. Marivic ta shiga gari ta sa hannu gaban lauya, ta danƙa wa Editha ikon yin duk abin da ya kamata game da gawar mijinta, tunda ita ce 'yar'uwarsa ta jini a ƙasar. Da wannan takarda Editha za ta je ofishin jakadanci ta cike wata, wadda ke da layi biyu a ƙasanta: ko a kai mamaci gida, ko a binne shi a nan. Kowa a Pangasinan ya san layin da za ta zaɓa. Ita ma da ta karɓi takardar ta ɗauka ta sani.

A ƙofar asibiti Kuya Hamza ya tare ta; a wajenmu Kuya ake ce wa yaya namiji, Ate kuma yaya mace. Da can Rogelio ne, mai kaɗa ƙararrawa a cocin garinsa can yankin Bulacan, yanzu shi ke karantar da sababbin musulunta na mutanenmu a wata cibiya a Dammam. A hannunsa Tantoy ya yi shahada. Mutum ne mai kirki, amma irin kirkin nan mai nauyi, wanda in ya dafa ka sai ka ji kafaɗarka ta sage. Ya yi mata ta'aziyya idonsa a ƙasa, sannan ya ce 'yan'uwa sun shirya, likkafani ma an yanka, hannunta kawai ake jira. Da ta ce gida za a kai shi, sai ya ɗago.

Ya tambaye ta ko ta san abin da ake yi wa gawa kafin a ɗora ta a jirgi. Ya gaya mata dalla-dalla, yankan da zuƙe jinin da ɗura maganin, bai rage mata komai ba. Ya ce takardu kan ɗauki wata guda, wani lokacin biyu, duk yana kwance cikin ƙanƙara. Ya ce in ya isa za a sa masa kwat, a shafa masa hoda, a ɗora masa gicciye a ka, a kafa rumfa ƙofar gida maza su kwana tara suna karta da giya, fada, limamin coci, ya zo ya yayyafa masa ruwa. Editha ta ce ai za a iya yi masa salla a nan sannan a tura shi.

"Za a iya," in ji Kuya Hamza. "Mu wanke shi, mu sallace shi, mu miƙa shi a farke. Ate, ni ba zan sa miki hannu ba, ke aka ba takarda. Amma mutumin nan shekara uku yana bayana a sahu. Ranar da za a tambaya, ke za a tambaya."

Nenita kuwa, da ta ji, sai ta ajiye almakashi ta juyo da kujerarta gaba ɗaya. Ita har yau tana nan da addininta, ƙaramin gicciyenta na cikin rigar mama inda ba mai gani, kuma shekara goma sha biyar suna cin abinci a kwano ɗaya da Editha ba su taɓa faɗa kan wannan ba. Ta ce wannan Hamzan naku, shi da 'ya'yansa ba sa ɗaga wayarsa, so yake kowa ya zama irinsa ya sami abokan zama.

"Edith, wanda ya mutu ya mutu. Ko hoda aka shafa masa ko garin rogo bai sani ba. Tsohuwarki ce ke da rai, shekararta tamanin da ɗaya, ta kira ki da bakinta. Ni in tawa ce ta tashi daga kabari ta ce mini Nenita, wallahi ko a ka zan ɗauki gawar in kai mata."

"Ke ma wallahi kike cewa yanzu?"

"Zama da ku ne. Kada ki canja mini magana."

Editha ta koma kan kekenta. Tana ɗinki tana juya maganganun Tantoy guda biyu, don biyu ya bar mata, kuma ba sa jituwa. Wata shekara da suka yi hutu tare, ya kai ta maƙabartar garinsu ya nuna mata gurbin da ke gefen na Itay, mahaifinsu, ya ce nan ne nawa, ga iskar gona, ga Itay kusa in na ji ƙishin hira. Amma lokacin bai musulunta ba. Ta biyun kuwa a azumin bana ne, suna shan ruwa a bakin teku. Ya ce, Ate, in na riga ki kada ki bari Marivic ta sa a shafa mini jambaki, kin ga yadda suka yi wa Itay, kamar zai shiga gasar sarauniyar kyau. Suka yi dariya har ya ƙware. Da dariyar ta lafa ya dubi ruwa ya ce, shi dai yana so a yi masa salla a rufe shi da wuri, ba ya son jira. Ya faɗa sau ɗaya, ya ci gaba da cin dabino. Wasa ne ko wasiyya? Da Tantoy ba ka taɓa rabewa.

Kullum da safe Inay sai ta kira. Muryarta ta yi laushi, har tambaya take ko Editha na cin abinci, ko har yanzu ƙafarta na kumbura in ta daɗe kan keke. Ta ce an yi wa kabarin Itay sabon fenti, an buɗe gurbin gefensa. Ta ce ta sa an shanya katifar Editha. Kuma kowace safiya sai ta ƙare da tambayar nan, wa ke zaune da shi yau? Editha ta ƙirƙiro sunaye har suka ƙare mata, ta fara maimaitawa.

A rana ta shida aka bar ta ta gan shi. Wani ma'aikaci ya jawo durowar, sanyi ya bugi fuskarta. An ɗaura masa lamba a wuyan hannu. Gashinsa ya daskare ya miƙe gefe guda kamar yadda yake yi in ya tashi daga barci yana yaro, ta kai hannu ta kwantar, ya ƙi kwanciya. Ta tambayi ma'aikacin ko za ta iya ɗan zama, ko a ƙasa ne. Ya ce minti biyar ake bayarwa. A durowar ƙasa, in ji shi, akwai wani ɗan ƙasarku, direba, watansa na uku ke nan ana jiran takarda ɗaya daga wurin mai gidansa.

Daga barandar asibitin ta kira Marivic, ta ce ta fita waje inda Inay ba za ta ji ba. Ta daɗe tana kewaye-kewaye kafin ta faɗa: Tantoy ya musulunta, shekara uku ke nan, a katin zamansa ma an rubuta. Ta yi zaton za ta ji ihu. Sai ta ji Marivic ta ja majina kawai.

"Na sani, Ate. Ni ke kwance masa jaka. Na ga darduma, na ga yana tashi da asuba yana shiga banɗaki yana wasa da ruwa. Kin ɗauka ni makauniya ce?"

"To kin san ba zai so..."

"Abin da ya yi can ya yi ne don ya zauna lafiya da Larabawa. Kowa na yi. A coci na aure shi, a coci aka yi wa 'ya'yansa baftisma. Can naku ne, na bar muku, shekara goma sha huɗu ina bar muku. Yanzu ku ba ni abina. Kuma in Inay ta ji wannan magana daga bakinki, ke kika kashe ta."

Wannan maganar ce ta fi yi wa Editha ciwo, don ya zauna lafiya da Larabawa. Ita ce maganar da aka yi ta faɗa a kan Editha shekara goma sha biyu, a bayan idonta da gabansa. Ta tuna Tantoy zaune yana wasa da cokali, kunya ta hana shi ɗago kai. Ba Balarabe ko ɗaya a teburin nan.

Ta kwana biyu tana lissafin yadda za ta raba abin kowa ya samu. A ƙarshe ta ga kamar ta gano hanya. Za a binne shi a nan yadda ya roƙa, a huta da durowar nan. Ita kuwa za ta yi masa kabari irin na gida, wanda ba a taɓa gani ba: farin dutse, sunansa cikakke da ranar haihuwa da ta rasuwa, ta sa tukwanen fure biyu. Duk Juma'a za ta je ta share ta zauna da shi, ta ɗauki hoto ta aika. Inay za ta yi fushi, amma in ta ga ɗanta na da wuri mai tsabta da suna da mai kula, wataƙila zuciyarta ta sauko. Har zanen dutsen ta yi a bayan takardar awo, da rubutunta mai kyau na masu ɗinki.

Ranar Laraba ta je ofishin jakadanci. Matar da ke teburin ta duba takardar wakilci, ta dubi layin da Editha ta zaɓa, ta tambaye ta ko iyalin sun amince. Editha ta ce an ba ta iko. Matar ta ce haka ne, an ba ta, ta buga hatimi.

Ba ta jira safiya ba, ta kira gida tun tana kan matakalar ofishin, ta ce a ba ta Inay. Ta yi bayanin ƙanƙara da watannin jira, ta ce ba wanda ke zaune da shi, tun farko ba kowa, ƙarya take yi. Ba ta ambaci musulunci ba. Ta yi ta zuba, dutsen, furen, Juma'a, hoto, har ta ce ranar matattu, wadda ake ziyarar kaburbura a gida, ita da kanta za ta je ta wuni a wurinsa. Daga can ɓangaren tana jin kukan zakara daga nesa.

"An riga an yi?" in ji Inay.

"Na sa hannu, Inay. Gobe ne."

"Shekara goma sha biyu ban roƙe ki komai ba."

Ba ta kashe wayar ba. Ajiye ta ta yi a kan tebur, Editha tana jin takun silifas ɗinta yana nisa, sannan muryar Marivic ta tashi daga wani ɗaki, tana kiran sunan Editha da wasu kalmomi da ba sai na maimaita ba.

Washegari bayan sallar la'asar aka sallace shi a wani babban masallaci. Editha tana sama wajen mata, bayan katangar katako, ba ta ga komai ba. Ta ji liman ya ce salla ga mamata, su uku ne ranar, ta yi kabbara huɗu tare da matan da ba su san wa take wa kuka ba. Kafin ta sauko ta nemo takalmanta cikin na jama'a, motar gawa ta tashi. Ta sami Kuya Hamza yana shirin shiga tasa, ta ce ya dakata ta bi su. Ya ce mata, Ate, mata ba sa shiga maƙabarta a nan. Ta ce to in an watse fa, ko ranar Juma'a? Ya ce ko yaushe, mai gadi ba zai buɗe mata ba.

Sai ta buɗe jaka ta ciro takardar awon nan ta miƙa masa, ta ce to ya kai wa masu sassaƙa dutse, ko nawa ne. Kuya Hamza ya karanta, Crisanto Calimlim, da furannin da ta zana a kusurwa. Ya naɗe ya mayar mata da hannu biyu. Ya ce ba a rubuta suna, ba a gini, ba a sa fure. Dutse ɗaya a kai, ɗaya a ƙafa, ko sarki ne haka ake masa. Ya ce ya ɗauka ta sani.

Ina za ta sani? Shekara ashirin da ɗaya tsakanin shago da ɗakin sama da bakin teku ranar Juma'a. Ta san sunan kowane irin yadi da Larabci, ta san surorin da take salla da su, ta san hukuncin azumi da na haila. Dogayen katangun nan da take wucewa a mota ba ta taɓa tambayar me ke bayansu ba, ba wanda ya taɓa mutu mata a ƙasar nan. Shi kuma da ya zauna ya lissafa mata yadda ake farke gawa, wannan bai ga ya kai a faɗa ba.

"Da na gaya miki, da kin fasa?" ya tambaye ta.

Bai jira amsa ba, ana ta yi masa hon.

Ta yi mako tana roƙonsa kafin ya koma ya ɗauko mata hoto, daga bakin ƙofa, da sauri, don mai gadin ba ya so. Fili ne fetal na tsakuwa, da ƙananan tudu a jere har ƙarshen gani, kowanne da guntun dutsensa, duk iri ɗaya. Ya ce Idris na layi na huɗu daga katanga. Sai kuma ya ce ko na biyar, an ƙara mutane bayansa. Akwai lamba a littafin mai gadi, in ji shi, in ana so a bincika. Ya ƙara da cewa Allah ya san inda kowa yake. Editha ta ce ta san Allah ya sani, ba Allah ne ya tambaye ta ba.

Daga gida ba wanda ya sake kira. Nenita ce ta ga hoton a wayarta, wata mata 'yar garin su Editha ce ta ɗora shi, ta yi kwana biyu tana ɓoyewa kafin Editha ta ƙwace wayar. Ashe Inay ta sa an sayo akwatin gawa, fari, an shimfiɗa rigar aurensa a ciki da hotonsa a wajen kai. An kafa rumfa, an yi kwana taran cif, da kyandir da karta da komai, sannan aka kai akwatin aka rufe a gefen Itay. A cikin murfin akwatin, kamar yadda ake yi, an manna siraran ƙyallaye, kowanne da sunan wanda mamacin ya bari. Editha ta buɗa hoton da yatsu biyu. Ga Inay, ga Marivic, ga 'yan matan biyu, ga kawunansu, ga wani ɗan baffa da Tantoy bai yi wa magana ba shekara goma saboda rigimar iyakar gona. Ta bi su sau uku daga sama har ƙasa, ba sunanta. Ta miƙa wa Nenita wayarta ta ce akwai rigar da za a zo karɓa da azahar.

Nenita ba ta ce ai na gaya miki ba. Ta dai daina waƙa a kan keke, ta kuma riƙa zuba wa Editha shinkafa fiye da yadda za ta iya ci.

Ranar ɗaya ga Nuwamba, ranar da duk ƙasarmu ke kwashe tukwane da tabarmi a tafi maƙabarta a wuni da matattu, saƙo ya shigo wayar Editha da hantsi. Daga Jonalyn ne, babbar 'yar Tantoy, mai shekara goma sha tara. Ta ce suna wurin kabarin, kowa na kunna kyandir gaban akwatin da ba kowa a ciki, ita ta kasa. Ta ce mamanta ba ta san ta rubuto ba. Ta ji an ce Tita, wato gwaggonta Editha, ta yi alkawarin hoto, don Allah ta turo mata inda Papa yake na gaskiya, ko a waya ne ta kunna masa nata kyandir.

Editha ta shiga bayan labule ta zauna kan buhun ƙyallaye. Ta buɗe hoton Kuya Hamza. Ta ƙirga layi daga katanga, ɗaya, biyu, uku, huɗu, daga nan duwatsun suka haɗe da juna cikin hasken rana. Ta sake ƙirgawa ta sami wani wuri daban. A waje uwar ɗakinta na tambayar ina Editha ta shiga, mai kaya na jira.

Ta zaɓi wani tudu da dutsensa ya ɗan fi na kusa da shi haske, ta zagaye shi da jan layi da ɗan yatsanta. Ta rubuta a ƙasa, ga shi nan, 'yata. Ta tura.